Kura da shan bugu: me ya sa masu kod suke shiru a guruf-guruf na haɗa gem?

Wata Asabar da daddare, wuraren ƙarfe goma, wata yarinya a guruf ɗinmu na masu son haɗa gem ta turo hoton da ta zana: mahayi a kan doki, da lifidi da kwalkwali, sak irin waɗanda muke gani ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau. Kafin kace kwabo guruf ya kaure, masha Allah, tubarkalla, wannan ya turo hoton wuta wancan ya turo zuciya, wani ma roƙo ya shiga yi a barshi ya sa a sitatus. Kuma ta cancanta wallahi, zanen ya yi.

Bayan kamar minti ashirin sai yaron da suke aikin tare ya turo nasa. Hoton sikirin ne baƙi ƙirin da ƙananan rubutu kala-kala, ya rubuta a ƙasa, "Alhamdulillah matsalar katanga ta ƙare." Mutum biyu suka ɗaga masa babban yatsa. Ɗaya ni ne, kuma tsakani da Allah ko buɗe hoton ban yi ba.

Abun ya tsaya min a rai, dan haka bayan kwana biyu da na shiga Samaru na nemeshi, muka zauna wajen mai shayi ya buɗe laftof ɗinsa da caji ya kusa ƙarewa. Nace ƙanina wai wace katanga ce ka gyara? Yayi dariya yace Yaya dogon labari ne. Ashe sati uku ya kwashe yana fama da abu ɗaya. A laftof ɗinsa in doki ya zo da gudu ya tarar da katanga tsayawa yake cak, amma in aka sa gem ɗin a ƙaramar waya mai ram 2 sai dokin ya ratsa katangar ya wuce kamar aljani. Dalilin kuwa, gem ba motsi yake na gaske ba, hotuna ne ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, galibi sau 60 a daƙiƙa guda, wato kowane zane yana da abun da bai kai daƙiƙa ɗaya bisa sittin ba a gama lissafinsa. In waya ta gaza, ta koma zana 15 ko 20, to dan gudun dokin ya zauna daidai dole kowane taku ya ƙara faɗi, sai ya zama a wannan zanen doki yana gaban katanga, a na gaba yana bayanta, babu zanen da aka kamashi a ciki balle kwamfuta ta ce an yi karo. Abun da yaron yayi shi ne ya daina tambayar "doki yana taɓa katanga yanzu?" ya koma tambayar "tsakanin inda yake da inda zai sauka, akwai katanga a hanya?" Layi bai fi talatin ba. Sati uku.

To ka gaya min, ta yaya za a ɗauki wannan a hoto?

Tushen maganar kenan, kuma shi ne abun da masu cewa "masu kod basa son magana" ko "girman kai garesu" suke tsallakewa. Aikin mai zane da na mai kiɗa ido da kunne aka yi su dominsu, yana fitowa an ganshi. Shi kuwa mai kod, wato mai rubuta umarnin da kwamfuta take bi, alamar aikinsa ya yi kyau ita ce kar kowa ya lura da shi. Doki ya tsaya a katanga, yo da me zai yi in ba tsayawa ba? Ranar da ya ratsa ta ne kowa zai tuna akwai wanda ya rubuta abun, a ɗauki bidiyo a turo guruf ana ƙyaƙyatawa. Yabo na masu zane, zagi na masu kod, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Mu mutanen Zariya bai kamata wannan ya zama baƙo a wajenmu ba. Ka shiga tsohon ginin Masallacin Juma'a na cikin gari, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim wajajen shekarun 1830, abun da ido zai fara kamawa shi ne zanen jikin ginshiƙai da lanƙwasar baka, amma abun da ya riƙe rufin azara ce da aka jera aka ɗaure aka binne a cikin ƙasa, ba mai ganinta. Bambancin kawai shi Babban Gwani an riƙe sunansa har unguwa ta amsa shi. Mu kuma a guruf ko sunan mai azarar bamu tambaya.

Kuma kar wani ya ɗauka cutar ta Hausawa ce kaɗai. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari na Amurka baya saka sunan wanda ya rubuta gem a jikin kwali, alhali lokacin mutum ɗaya ne yake yin komai, kod da zane da sauti. Wani mai suna Warren Robinett da ya rubuta gem ɗin Adventure, wanda ya fito a 1980, sai ya gina wani ɓoyayyen ɗaki a ciki ya rubuta sunansa, bai gaya wa kowa a kamfanin ba, sai bayan ya bar aiki wani yaro mai bugawa ya gano. Wasu huɗu kuma, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, haushin wannan da na kuɗi ya sa suka fice suka kafa Activision a 1979, kuma cikin abubuwan farko da suka yi akwai buga suna da hoton mai gem a takardar da take zuwa da shi. Wannan Activision ɗin dai da yaranmu suke buga Call of Duty ɗinsa a waya, asalinsa rigimar "a rubuta sunana" ce. Ga kuma Jerry Lawson, baƙar fata, injiniyan da ya jagoranci ƙera Fairchild Channel F a 1976, na'urar da ta fara kawo kaset ɗin gem da ake cirewa a sa wani. Shekaru da yawa ba a cika ambatonsa ba, ƙungiyar masu haɗa gem ta duniya ta karrama shi a 2011 saura kamar wata ɗaya ya rasu.

Sai dai mu a nan mun ɗora namu a kan wancan, kuma namun ne ya fi damuna.

Na farko kunya, ko ince tarbiyyar da aka mana ta kar ka nuna kanka. Yaron da ya tashi ana ce masa mutumin kirki baya yabon kansa, ka zo kace masa kullum ya dinga fostin abun da yayi, ji yake kamar ka ce ya tsaya tsakiyar kasuwar Sabon Gari yana shelar kansa. Wasu kuma tsoron baki suke, kar a sa musu ido tun abu bai nuna ba. Sannan ga tsoron sata, wanda ni a ganina shi ne ya fi kowanne rashin tushe amma ya fi kowanne ƙarfi: "in na sa a GitHub wani zai kwafe," wato shafin nan na intanet da masu kod suke ajiye aikinsu. Na sha jin wannan daga bakin yaran da duk abun da suka sani daga kod ɗin da wasu suka saki kyauta suka koya. John Carmack da kamfaninsu na id Software sun saki kod ɗin Doom a 1997, shekara huɗu kacal da fitowarsa, gem ɗin da ya girgiza duniya kenan, kuma sakin bai rage musu komai ba sai ma ya sa har yau ana koyo a kansa. Kai kuma gem ɗin tsalle-tsallenka da ka haɗa kana bin bidiyon YouTube shi kake kullewa a fulash. Ban ce kowa ya saki komai ba, wanda yake aikin kuɗi da wani kamfani a waje kuma ya sa hannu a takardar rufe baki dole yayi shiru, wannan daban. Amma yawancin masu ɓoyon ba wata yarjejeniya a kansu, tsoron a ga kod ɗinsu a ce ba shi da tsafta ne kawai suka sa wa rigar tsoron ɓarawo.

Kuma wannan tsoron na biyu, gaskiya, masu kod su suka haifar wa kansu. Mai zane in ya turo aiki ɗan'uwansa zai ce yayi kyau amma gyara hannun. Mai kod in ya turo, ɗan'uwansa zai ce wa yake amfani da wannan a yanzu, me ya sa baka yi da kaza ba, ai wannan yaren kod ɗin ya mutu. Yaro ya haɗa gem da GDevelop ko Construct, masu jera umarni ba sai an rubuta da hannu ba, sai a ce masa ai kai ba furogirama bane na gaske. Yarinya ta yi tambaya, ko dai a yi banza da ita ko kuma mutum biyar su bita ta bayan fage da "salam ƴar'uwa", daga ranar ta koma ƴar kallo, bayan wata biyu ka duba ka ga ta fita. Na taɓa ganin wanda ya yi tambaya a kan era, wato kuskuren kod, da ta hana gem ɗinsa buɗewa, amsar da ya samu ita ce "je ka bincika mana." Bai sake magana ba, kuma wanda ya bashi amsar shi ne daga baya yake ƙorafin guruf ya mutu.

In da za su ga kod ɗin manya da hankalinsu ya kwanta. Masu gem ɗin Celeste na 2018 sun saki fayil ɗin da yake sarrafa motsin yarinyar cikin gem ɗin, fayil ɗaya layi sama da 5,000, masana suka yi ta tsiya wai ba haka ake tsara kod ba, alhali motsin nan ana lissafa shi cikin mafi daɗin hannu da aka taɓa yi. Terry Cavanagh ma da ya saki kod ɗin VVVVVV a 2020 dariyar da aka yi wa tsarinsa ba kaɗan bace, shi kuwa ko a jikinsa, gem ɗinsa ya shekara goma ana bugawa.

Akwai kuma turanci. Yaro ya iya kod sarai, amma ya rubuta sakin layi biyu na bayani a dandalin hira na Discord inda ƴan ƙasashe suke, sai ya tsaya yana gogewa yana sakewa har ya fasa. Sai data da wuta, wanda ba sai na ɓata bakina ba, tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ya san yanda yake lallaɓa megabayit ɗinsa. Mai zane hoto ɗaya zai tura. Mai kod in yana son a ga aikinsa sai ya ɗauki bidiyon sikirin, ya yanke, ya matse, ya ɗora, duk a kan cajin da yake tattali dan ainihin aikin.

Sabon abun da ya shigo kuma, wanda ban ga ana maganarsa ba, shi ne tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 tambayoyi sun bar majalisa sun koma ɗaki. Da in yaro ya maƙale dole ya fito ya tambaya, a wajen bashi amsa ne ake gane waye ya iya, a nan ake sanin juna, mutum goma da basu yi tambayar ba su ma su ƙaru. Yanzu yana tambayar na'ura da tsakar dare, ba gori ba kunya, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, wa zai bar inda ba a wulaƙanta shi ya je inda ake yi? Amma sakamakon shi ne hanya ɗaya tilo da masu kod suke fitowa fili, wato tambaya da amsa, ta ƙafe. Guruf ya zama gidan hoto.

Wani zai ce to sai me, a barsu su yi shirunsu mana tunda aiki yana tafiya. Aikin baya tafiya, shi ya sa. Duk guruf ɗin da ka shiga zaka tarar da masu labari da masu zane suna neman mai kod kamar ruwa a jallo, "ina da aidiya ta gem ɗin Sarauniya Amina, saura wanda zai haɗa," alhali mai kod ɗin yana nan cikin guruf ɗin, watakila ma layinsu ɗaya a Tudun Wada, ba wanda ya san da wani. Garin nan da yake da ABU tun 1962, da cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar, da Nuhu Bamalli, kowace shekara ana yaye masu karatun kwamfuta, ba rashin masu iyawa ne damuwarmu ba. Sannan ta fannin neman abinci, kamfanonin gem na nahiyar nan ba yawa garesu ba, irin su Maliyo Games na Hugo Obi a Legas da ya fara a 2012, da Leti Arts na Ghana da Kenya, da Kiro'o Games na Kamaru masu Aurion da ya fito a 2016, kuma a wannan harkar ko a nan ko a waje abun da ake fara cewa shi ne turo abun da ka taɓa yi mu gani. Wanda ya shekara huɗu yana ɓoyo me zai tura?

Sai wanda ya fi taɓa ni: akwai matsalolin da in ba mu muka warware ba ba mai warware mana. Ka rubuta "Ƙofar Doka" ko "ɗan doki" a cikin gem, ka zaɓi irin rubutun nan masu kyau na gem, sai ka ga inda ƙ da ɗ da ɓ suke ya koma ɗan akwati fanko, saboda wanda ya zana haruffan bai san da zamansu ba. Maganin ba wuya, ko ka sauya zuwa irin su Noto ko Andika masu ɗauke da haruffanmu, ko ka saita injin, wato manhajar da kake haɗa gem ɗin da ita, ya ari harafin daga wani rubutun in ya rasa a na farko. Amma nasan mutum uku a garin nan da kowannensu ya kwana a kan wannan shi kaɗai, ya gano, ya yi shiru, na gaba ya zo ya sake faɗawa rami ɗaya. Haka ajami, injin haɗa gem na Godot 4 da ya fito a Maris 2023 ya zo da tsarin rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffa irin na Larabci, to wa zai gwada shi da ajamin Hausa ya faɗa wa sauran inda yake tafiya da inda yake cijewa in ba ɗan Zariya ko ɗan Kano ba?

To me ake yi? Bari in fara da abun da na ga baya aiki, dan mun gwada. Admin ya fito yace "masu kod dan Allah ku dinga magana," shiru. A ce kowa ya gabatar da kansa, sai a samu jerin suna da yarukan kod da mutum ya iya, kamar takardar neman aiki, daga nan shi kenan. Gwarzon wata ma mun yi, wata biyu aka daina, dan mutum ɗaya ne yake ci kuma sauran suka ƙara noƙewa. Duk waɗannan suna ɗauka cewa matsalar a halin mutanen take, alhali a abun da majalisar take tafa wa hannu take.

Abun da ya yi aiki a wajenmu ƙarami ne har kunyar faɗa nake. Na ce wa yaron nan mai katanga, ƙanina kar ka sake turo hoton kod, ka turo min dokin yana ratsa katanga, daƙiƙa biyar, sannan ka turo shi yana tsayawa, kuma ka kunna layukan nan da injin yake nunawa na iyakar jikin abubuwa, koren akwatin da yake kewaye da doki da jan layin da yake leƙa gabansa. Ya yi haka. Mutanen da suka wuce hoton kod ɗinsa ba ko waiwaye su ne suka cika guruf da tambaya, wannan jan layin na menene, me ya sa a waya kaɗai yake yi, har mai zanen tace ashe shi ya sa ka ce kar in ƙara wa dokin tsawon wuya ba tare da na gaya maka ba. Aikin bai canja ba, an dai cire shafen an nuna azara. Kuma ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba, Maddy Thorson ta Celeste ta taɓa jero gajerun bidiyoyi tana nuna ƴan dabarun da ke ɓoye a gem ɗin, misali in ka wuce bakin dutse da ɗan kaɗan ka danna tsalle har yanzu gem zai karɓa, in ka danna tun kafin ƙafa ta taɓa ƙasa zai riƙe maka ya yi tsallen da zarar ta taɓa, in kanka ya goga kusurwa zai ɗan matsar da kai gefe ka wuce. Mai bugawa ji yake shi ne gwani, ashe kod ne yake masa kara.

Daga nan muka mayar da ɓarna abun nunawa. Turawa suna da al'adar ɗora hoton aikinsu duk Asabar, wadda masu zane suka fi cin moriyarta, mu sai muka ware wani daren na "me ya lalace maka a satin nan." Wannan ya fi komai sakin bakin mutane, saboda ba yabon kai a ciki, mai kunya ma zai iya cewa ku zo ku ga shirmen da na tafka. Kuma mun sa doka ɗaya da admin baya ɗaga ƙafa a kanta: wanda bai da amsa ya yi shiru, wanda yake da ita ya bayar ba tare da wa'azin yaren da ya kamata a yi amfani da shi ba. Mai bin mata ta bayan fage kuwa ba gargaɗi, waje.

Sai yanda ake tambaya. "Masha Allah yayi kyau" rufe zance ne, ba abun da mutum zai ce sai na gode. Amma ka ce masa mutumina ya aka yi sojojin nan basa cin karo da juna in suna binka, ka ga mai shiru-shirun nan ya zuba maka saƙon murya na minti shida. Wata ɗaliba a cikinmu da take haɗa dara, ramuka 30 kowa da ƴaƴa 12, ta fi wata uku bata ce uffan ba, ranar da ta maƙale a kan dokar jeri ta fito ta tambaya: in mutum ya matsa ya haɗa huɗu a layi maimakon uku, ya ci ko bai ci ba? Tambayar kod ce, dan sai ta san amsar zata rubuta sharaɗin, amma kowa yana da ta cewa, wannan yace a unguwarsu ba a ci da huɗu, wancan ya ce bari ya tambayo kawunsa da yake bugawa a ƙofar gida bayan la'asar. Ƙarshe ta sa wajen zaɓar doka a farkon wasa, tayi bayanin yanda kwamfuta take leƙa motsi uku gaba ta auna wanne ya fi mata, kuma mutanen da basu taɓa rubuta layi ɗaya ba suka fahimta tsaf saboda sun san dara.

Suna ma a rubuta shi, kuma a rubuta abun da mutum yayi. Ba "furogirama: wane" kawai ba, a ce wane shi ya rubuta motsin doki da ajiye wasa, wance ita ta yi basirar abokin karawa. Mai zane in ta ɗora bidiyo ta ambaci wanda ya sa zanen yake motsi. Kyauta ne wannan, amma sai an tuna.

Ga wanda yake son ya leƙa waje kuma, ni gasar jam nake fara nuna masa, wato a bada maudu'i a ce a haɗa gem cikin ƙanƙanin lokaci. Global Game Jam tun 2009 ake yinta duk Janairu, awa 48, Ludum Dare ta girmeta, tun 2002, kuma a shafin ɗora gem na itch.io kusan kullum akwai wata a buɗe. Amfaninta ga mai kunya shi ne kowa ya san aikin kwana biyu ne, ba mai tsammanin tsafta, kuma a jam ba a iya ɓoye mai kod, in ya tashi shan ruwa aiki ya tsaya. Gem ɗin Superhot daga jam na kwana bakwai ya fito a 2013, Celeste ɗin ma asalinsa ɗan ƙaramin gem ne da mutum biyu suka yi a kwana huɗu. Amma wadda nake ganin kamar dan mu aka yi ita ce js13kGames, da Andrzej Mazur na Foland ya fara a 2012, daga 13 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba, sharaɗin shi ne gem ɗin gaba ɗaya kar ya wuce kilobayit 13 a matse. Hoton da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi. A can ba mai burge kowa da katon laftof, dabarar kod ce zalla, ga wata guda cur wanda ko ana ɗauke wuta zaka lallaɓa.

Godot shi ma ƙofa ce. Juan Linietsky da Ariel Manzur ƴan Ajantina suka sake shi kyauta a 2014, kod ɗinsa a buɗe yake a GitHub, saukar da shi bai kai megabayit 100 ba, har a wayar Android ana iya buɗe shi a yi aiki. Da masu injin haɗa gem na Unity suka sanar a Satumbar 2023 cewa zasu dinga cajin kuɗi duk sanda aka saka gem a na'ura, masu haɗa gem suka yi ca har shugaban kamfanin ya sauka a Oktoba, aka soke tsarin gaba ɗaya bayan shekara, mutane da yawa suka koma leƙa Godot. Ba sai ka zama gwani zaka sa hannu ba, ka gano bog, wato ɓarna a cikin kod, ka rubuta yanda za a maimaita shi dalla-dalla, wannan ma gudummawa ce kuma da sunanka zata zauna, duk mai son ɗaukarka aiki zai iya gani.

Yaron mai katanga yanzu abun da ya tsaya masa shi ne Play Store. Bayan dala 25 na rajista, sabon asusu na mutum ɗaya sai ya samo masu gwaji 12 sun riƙe gem ɗin kwana 14 a jere kafin a barshi ya saki, da can ma 20 ne. Da a lokacin da yake shiru ne da ban san inda zai samo su ba. Ya faɗa a guruf da safe, kafin azahar sun cika, harda mai shayin Samaru da ya bada tsohuwar wayarsa yace a sa masa. A wayar mai shayin ne kuma aka gano in kira ya shigo ana tsakiyar sukuwa, kana dawowa zaka tarar doki ya bar mahayin a baya yana ta gudu shi kaɗai. Bidiyon yana guruf tun daren jiya, mutum uku suna ta musu a kan inda matsalar take.